Yadda Ake Gano Inda Ƙara da Jijjiga Suke Fitowa a Mota ta Hannu

Mota ta hannu, ko Beljiyam ce sabuwar sauka ko wadda aka mora a nan gida har ta gaji, da wuya ka same ta shiru. Wahalar ita ce ƙara tana bin ƙarfe ta yi tafiya. Boris (zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa) na baya na dama zai lalace, kunnenka ya rantse maka cewa a gaba ne ta hagu. Shi ya sa mutum zai shiga gareji a Birnin Kebbi da jijjiga guda ɗaya, a canza masa shokozoba, a canza bushin, a canza sit ɗin inji (robar da inji ke zaune a kai), ya hau hanyar Jega, allura na taɓa 90 sitiyari ya ci gaba da rawarsa.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, abin da za ka nemo shi ne abin da ƙarar take bi. Ko dai gudun mota a kan titi, ko juyin inji, ko takun totur, ko murɗa sitiyari, ko taka birki. Duk ƙarar da ke fitowa daga abubuwan da ke kai ƙarfin inji zuwa taya tana tafiya da ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan, kuma kai direba kana iya rarrabe su ba tare da na'ura ba. Matakan da ke ƙasa sun yi wa mai shirin saye, sun kuma yi wa wanda ya riga ya saya yana neman inda zai fara.

Mataki na farko: kafin a tayar da inji

Ka je da sassafe, ka kuma roƙi mai motar tun daren jiya kada a tayar da ita sai ka zo. Da isarka ɗora tafin hannu a kan bonet. In ka ji ɗumi an riga ka. Ba lallai ha'inci ba ne, amma giya otomatik mai jinkirin kamawa da safe take nuna halinta, da ta ɗau zafi sai ta gyaru.

Buɗe but ka kwashe komai: jak, sifana, jarka, ka tabbatar safaya tana ɗaure. Sau da yawa ƙwal-ƙwal ɗin da ake ɗora wa shokozoba laifinta jak ne ke yawo a but. Ka taho da mutum ɗaya wanda ba shi da ko sisi a cinikin, shi zai zauna baya ya saurara maka. Dillali kuwa dole ya ce wani abu. "Alhaji, motag ga lahiya lau take, balansin kaɗai ar rage." Ka ce masa, "To Malam, Allah ya sa, bari mu ji da kunnenmu," ka kashe rediyo.

Sai tayu, domin su ne suka fi kowa laifi kuma su ne mafi sauƙin dubawa. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi iskar da motar ke so, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 33 ne. Masu faci da yawa sukan dura 45 ko 50, taya ta yi tauri, kowane tsakuwa ka ji shi a ƙugu. Ka gyara iskar tukuna, in ba haka ba duk gwajin da za ka yi a gurɓace yake. Duba girman da aka rubuta a jikin kowace taya, biyun gaba su zama iri ɗaya, biyun baya ma haka. Nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne shekarunta: 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. Taya tana iya zama da zane raɗau alhali robarta ta bushe ta tsattsage.

Shafa tafin hannunka a kan zanen tayar, gaba da baya, musamman gefen ciki da ido ba ya gani. In ka ji tudu da kwari, ko zanen yana kama hannu ta gefe ɗaya yana sulɓi ta ɗayan, wannan tayar za ta yi ƙugi a titi wanda ko tsohon bakanike zai iya ɗauka boris ne. Leƙa cikin rim. Motar da ta shiga fadamar Argungu ko Suru da damina takan ɗauko laka ta bushe a gefe ɗaya na cikin rim, kuma dunƙulen laka ya isa ya sa sitiyari rawa. Duba ko akwai tabon inda dalmar balansin ta faɗi, duba bakin rim na ciki ko ya lanƙwashe. Tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017, akwai waɗanda ake biyo da su ta ɓarauniyar hanya da gudu cikin dare. Fentinsu na sheƙi, amma rim da ƙasan motar sun sha duka, don haka kada kyan jiki ya hana ka durƙusawa.

Tunda ka durƙusa, murɗa sitiyari har ƙarshe ka haska bayan tayar gaba. Za ka ga shaf, sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa taya, da baƙar roba mai ninki-ninki a bakinsa na wajen taya, da wata a wajen giyabos. Robar nan ita ce ran shaf. In ta yage za ka ga giris ya fantsama ya yi da'ira a cikin rim da jikin shokozoba, ƙura ta manne masa ya zama baƙin danƙo. Lakato kaɗan ka murza tsakanin yatsu biyu. In ka ji gurus-gurus, rairayi ya riga ya shiga ciki yana cin ƙarfe. In kuma robar sabuwa ce fil, ga tsohon giris busasshe a jikin rim, to an canza roba ne bayan ta yage, kuma ba ka san tsawon lokacin da aka yi ana hawa a yage ba. Ka riƙe wannan gefen a ranka.

Mataki na biyu: mota a tsaye, inji na aiki

Murɗa makulli kada ka tayar. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa dole ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ko kaɗan ba, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an rufe ta.

Tayar, ka bar ta a sulo, giya a P ko a firi. Sannan ka ƙara totur a hankali, allurar inji ta hau daga 1,000 zuwa 3,000, kana ɗan tsayawa a kowane mataki. Wannan gwajin shi kaɗai yana raba matsala gida biyu. In jijjigar da ke damunka ta bayyana alhali mota ba ta motsa ba, to ka wanke taya da boris da shaf da farfela (dogon bututun da ke kai ƙarfi zuwa tayun baya), ba ruwansu. Laifin yana wajen inji, ko sit ɗinsa, ko salansa da ke taɓa jiki. Kar-kar ɗin gwangwani da ke zuwa a wani juyi guda ya wuce, yawanci siririn ƙarfen da ke kare zafin salansa ne ya saki, gyaran waya da filaya.

A otomatik, danne birki sosai ka sa D. In sitiyari da kujera suka hau karkarwa, ka kunna iyakwandishan ta ƙaru, ka mayar N ta lafa, zargi na farko sit ɗin inji ne. Don tabbatarwa, a buɗe bonet, abokinka ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, ka ja birkin hannu, ka danne birkin ƙafa, ka ɗan taɓa totur na daƙiƙa ɗaya ko biyu a D, sannan a R. Inji zai ɗan motsa, wannan daidai ne. In ya yi tsalle ya dawo da gau, roba ta rabu da ƙarfe. Amma ka saurari bakin salansa kafin ka yanke hukunci. In numfashinta na yankewa, fut, fut, to silinda ɗaya ce ba ta ƙonawa, ko fulogi ko koyil ko nozul, kuma ko sit na zinariya aka sa ba zai hana wannan rawar ba. Na'urar kwamfuta takan nuna P0301 zuwa P0304 a injin silinda huɗu, lambar ƙarshe ita ce silindar da ke fashi.

Sauya daga D zuwa R ka komo, ƙafa a birki. Ya kamata giya ta kama cikin kusan daƙiƙa ɗaya, a tausashe. Jinkiri sannan duka, cikin giyabos ne ko mansa. Ƙwal ta ƙarfe daga ƙarƙashin mota ba jinkiri, wasa ne a shaf ko kuros (mahaɗin farfela mai siffar gicciye) ko sit.

A manuwal, kuloci zai yi maka aikin rarrabewa. Giya a firi, ƙafa a sama, kana jin ƙugi, ka taka kuloci ya ɗauke: boris ɗin cikin giyabos ne. Shiru ne sai ka taka kuloci sannan kuka ya taso: rilis boris ne, wato wanda ke danna kuloci. Dukansu sai an sauke giyabos, amma na biyun ya fi arha nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: da'ira a fili

Nemi fili mai faɗi mai tauri, sauke gilasai, murɗe sitiyari har ƙarshe hagu, ka yi ta zagaye a hankali kana ɗan ba da wuta. Sannan dama. Sannan da ribas. Ƙas-ƙas-ƙas mai bin juyin taya, wadda ke ƙaruwa in ka ƙara totur, kan shaf ne na wajen taya. Abokinka ya tsaya a waje ya ji ko wane gefe ne, ya fi kunnenka na ciki gaskiya. In ya dace da gefen da ka ga sabuwar roba, magana ta ƙare.

Honda CR-V mai ja da taya huɗu, samfurin 2002 zuwa 2011, tana da nata halin a wannan gwajin: gurnani daga baya in an murɗe sitiyari. Mutane sun sha tsorata su ce aksil, akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayun baya, ya mutu. Galibi man cikinsa ne ya tsufa, kuma ba ya karɓar man giya na gama-gari, sai nasa na Honda mai suna Dual Pump Fluid. In an zuba masa wani daban, gurnanin ba ya tafiya.

Mataki na huɗu: buɗaɗɗen titi

A nan ne aikin yake, kuma a nan ake ha'intar mai saye, domin zagayen cikin gari daga shatale-tale zuwa shatale-tale ba ya kai mota gudun da za ta yi magana. Ka nemi miƙaƙƙiyar kwalta mai kyau, da rana, wadda ka san ramukanta, irin wajen Kalgo ko hanyar Argungu, inda babu cunkoson 'yan kabu-kabu da shanu. Ka lura da allurar motar Amurka, manyan lambobinta mil ne: 60 a can kusan kilomita 97 ne. Motar da ta daɗe a ajiye, a tashar jirgin ruwa ko a filin dillalai, tayunta kan kwanta ta gefen da ya taɓa ƙasa, su yi ta bugu a farkon tafiya. Ba ta kilomita goma sha biyar ko ashirin ta yi zafi kafin ka fara lissafi.

Hau gudu sannu a hankali, ka lura da lambar da jijjiga ta fara, da inda ta fi tsanani, da inda ta lafa in tana lafawa.

Rangaji a ƙaramin gudu, 20 zuwa 40, mota na kaɗa ƙugu ko sitiyari na lilo hagu da dama a hankali, wannan wayar cikin taya ce ta saki ko rim ya karkace. Balansin ba ya gyara shi, kuma irin wannan tayar ce ke fashewa a zafin Afrilu. Rawa mai farawa wajen 80, ta tsananta kusan 100, wani lokaci ta ragu in an wuce, ita ce ta rashin balansin. A sitiyari, tayun gaba. A kujera da ƙasan mota, na baya.

Akwai ɗan lissafi da zai gyara maka ji. Taya mai lamba 195/65 R15, irin ta Corolla da yawa, tana cin kusan mita 2 a juyi ɗaya. A gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa. Wannan rawa ce da ido ke gani, hannunka na kaɗawa a kan sitiyari. Farfela kuwa, a Hilux ko Hiace, tana juyi sau uku zuwa huɗu da wani abu kafin taya ta yi ɗaya. Jijjigarta ba ta kaɗa hannu, tsuma take yi: madubin tsakiya ya yi dishi-dishi, tafin ƙafa ya yi zir, kunne ya cika da gunji. Wanda ya rarrabe waɗannan biyun ba za a sayar masa da taya huɗu a kan laifin kuros ba.

Yanzu, kana daidai gudun da abin ya fi tsanani, yi waɗannan gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya.

Sauya giya ba tare da ka sauya gudu ba. A manuwal sauko daga biyar zuwa huɗu, a otomatik daga D zuwa 3. Juyin inji zai hau, gudun titi yana nan. In ƙarar ta canza murya tare da inji, ta inji ce ko ta bakin giyabos. In ba ta kula ba, gudun titi take bi.

Ɗan wuce gudun kaɗan, ka sa firi na 'yan daƙiƙoƙi, mota ta gangaro ta ratsa shi da kanta. Kada ka kashe inji, birki da sitiyari za su yi tauri, kuma a otomatik ka kula hannunka kada ya zarce zuwa R. Jijjigar da ta ci gaba yadda take a firi, ta taya ce ko rim ko boris ko farfela. Wadda ta ɓace, tana buƙatar inji ya ja kafin ta fito.

Ita wannan ta biyun sai ka bi ta da totur. Taka sosai daga 50 zuwa 80, in da ɗan hawa ya fi. Gaban mota na kaɗawa gefe da gefe muddin kana ba da wuta, kana ɗaga ƙafa ta tsaya cak: kan shaf ne na ciki, na wajen giyabos. Wannan ita ce cutar da aka fi yi wa balansin a banza, a Camry da Accord da Sienna duk ana ganinta. Sai dai fashin fulogi ko koyil ma yakan fito in inji ya ɗau nauyi. Bambancin shi ne fashi fizga yake yi gaba da baya, wani lokaci fitilar inji na ƙyaftawa, shi kuwa shaf lilo yake yi da tsari, yana sauri yadda gudu ke ƙaruwa.

Otomatik tana da wata karkarwar ta daban, mai zuwa in kana taɓa totur sama-sama tsakanin 40 da 80. Sai ka ɗauka ka hau gargada alhali kwalta sumul take, daƙiƙa biyu ko uku ta wuce, can ta dawo. Kulocin da ke cikin kwambata (abin da ke haɗa inji da giyabos a otomatik) ne ke zamewa yana kamawa. Gwajinsa: riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, iyakar yadda fitilar birki za ta kama. A yawancin motoci wannan yana sa kwamfuta ta saki kulocin, in karkarwar ta ɗauke nan take ka kama ɓarawo. Camry mai silinda huɗu ta 2012 zuwa 2014 ta yi suna da wannan, har Toyota ta tsawaita garanti a kansa a Amurka. Wani lokaci canjin mai na asali yana rage shi, wani lokaci sai an canza kwambatar. In saye za ka yi, ka lissafa da mafi tsadar.

Sai boris. Ƙuginsa kamar injin niƙa ne da kake jiyowa daga wata unguwa, yana farawa wajen 40 ko 50, yana ƙaruwa da gudu, ba ruwansa da totur, ba ruwansa da giya. In titi babu kowa, karkata mota a hankali hagu, sannan dama, cikin layinka. In ka karkata hagu nauyi na komawa dama. Ƙugin ya ƙaru, galibi boris ɗin dama ne, ya ragu, na hagu. Na ce galibi domin yakan yi ƙarya, sai jak ya tabbatar. Na bayanka ya matsa daga wannan ƙofa zuwa waccan ya ce maka inda ya fi ji. Ƙugin taya kuwa yana canza murya in kwalta ta canza daga mai laushi zuwa mai tsakuwa, na boris ba ya canzawa.

Kuka siriri, wiii, mai tashi in ka taka totur ya ɗauke in ka saki, ko akasin haka, haƙoran aksil ne ko na giyabos. Boris ɗin taya bai san totur ba, wannan ya sani.

Na ƙarshe birki, kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Rawar da ba ta zuwa sai ka taka birki daga babban gudu, diski ne.

Da ka tsaya, zagaya ka kusantar da bayan hannu ga tsakiyar kowane rim, kada ka dafa. Wanda ya fi ɗan'uwansa na ɗaya gefen zafi sosai, ko birki na riƙewa ko boris na ci.

Mataki na biyar: ɗaga ta

A ƙasa mai tauri, a sa dutse a tare sauran tayun. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, a hau rami ko a tokare da ƙarfen tsayawa.

Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In akwai wasa, wani ya taka birki ka sake girgizawa. Wasan ya ɓace, boris ne. Yana nan, boljoyin ne ko bushin. Kama ta gefe da gefe, wasan nan na tayarod ne. Boris na zamani yakan yi ƙugi tun ba shi da wasa ko kaɗan, don haka ka riƙe sifirin da hannu ɗaya, wani ya juya tayar da ƙarfi. Lafiyayye ba za ka ji komai ba, mai ciwo za ka ji gurus-gurus na tafiya cikin sifirin zuwa yatsunka. Kafa sanda kusa da zanen taya ka juya, ka ga ko tazarar na buɗewa tana rufewa.

In har yanzu kana shakka tsakanin taya da boris, mayar da tayun gaba baya, na baya gaba, ka sake bin titin nan. Abin da ya bi taya ya koma, na taya ne. Gwaji ne da ba ya cin ko kwabo. A ɗaure notuna a gicciye, da hannu. Corolla da Camry 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti) suke so, Honda 108, ba tsallen yaron gareji a kan bututu ba.

Golf 3 da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, ko take kwasar albasa daga Aliero, boris ɗinta na baya irin wanda ake saitawa ne da noti. Yana son giris da ɗan sararin da hannu ke iya ji da ƙyar. Wanda ya ɗaure shi tamau don ya kashe wasa, ya ƙona shi.

A Hilux da Hiace da duk mai farfela, sa giya a firi bayan an tare tayu, ka kama farfelar kusa da kowane kuros ka murɗa, ka ɗaga, ka ja. Lafiyayyen kuros ba ya da wasa ko ƙanƙani. Haska kofunansa huɗu. Jan gari mai kama da hodar tsatsa a bakin kofi alama ce cewa alluran ciki sun bushe suna niƙa kansu, ko da hannunka bai ji motsi ba tukuna. Duba robar boris ɗin tsakiya ko ta tsage, duba jikin bututun ko dutse ya lotsa shi, ko ɗan ƙarfen balansin da aka yi wa walda ya fita, ko igiya da leda sun naɗe. Tambayi ko an taɓa sauke farfelar. In an zare ta aka mayar ba a kan saitinta ba, kunnuwan kuros na gaba da na baya ba su kalli layi ɗaya ba, za ta yi ta tsuma komai sabuntar kayan. Shi ya sa ake yi mata alama da fenti kafin a kwance.

A RAV4 da CR-V da Highlander masu ja da huɗu, ka tabbatar farfelar tana nan ma tukuna. Na ga motar da aka kawo kasuwa shiru kamar sabuwa, aka hau rami sai ga bakin aksil na baya tsirara, an cire farfela gaba ɗaya don a kashe ƙara. Hilux kuma in tana tirjewa a kwana kan kwalta, tayu na kartar ƙasa, duba ko an bar ta a H4, giyar ja da taya huɗu. Ba a yi wannan giyar don busasshiyar kwalta ba.

Mataki na shida: mai

A Toyota mai sandar awo, ana duba man otomatik inji na aiki, da zafi, giya a P. A Honda kashe inji ake yi bayan ya yi zafi, a duba nan take. Goga a farar takarda. Ja ko ja mai ɗan duhu, lafiya. Baƙi mai ƙaurin ƙuna, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, giyar ta fara cin kanta. Launin shayi da madara, ruwa ya shiga. Kowace giya da manta: tsofaffin Corolla irin na 2003 zuwa 2008 T-IV, Toyota na baya-bayan nan WS, Honda DW-1. Yawancin Corolla na Amurka daga 2014 giyar CVT gare su, wani nau'in otomatik na daban, kuma jan mai na gama-gari yana kashe ta. Camry daga 2012 ba ta da sandar awo, sai a rami.

A aksil da giyabos na manuwal, noti na cikawa ake fara kwancewa kafin na tsiyaya, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi. Mai ya kai bakin ramin, yatsa ya taɓo shi. Motar da ta ratsa ruwa har ya rufe aksil, irin yadda aka sha yi a ambaliyar 2020, mai yiwuwa ta tsotsi ruwa ta bututun numfashinsa. Garin ƙarfe mai laushi a maganaɗisun noti ba abin tsoro ba ne, ɓarɓashin da yatsa ke ji shi ne. Golf 3 in man giyarta ya yi ƙasa, giya ta biyar ce ke fara mutuwa, don haka kukan da ke fitowa a biyar kaɗai, ko giyar da ke tsallowa firi da kanta, a fara da auna mai.

Abin da za ka gaya wa bakanike

Kada ka shiga ka ce "Oga, tana ƙara." Ka ce, "Tana rawa daga 60 zuwa 80 in na ba da wuta, in na saki ta daina, a firi babu, a tsaye babu, robar shaf ta dama sabuwa ce." Ka ɗauke shi ku hau titin tare ya ji da kansa. A canza abu ɗaya, a koma titin nan a gudun nan, sannan a taɓa na biyu, kuma tsohon kayan a ba ka a hannu. In shaf ne, na Beljiyam na asali mai lafiyayyar roba sau da yawa ya fi sabo mai arha, wanda wani daga kwali yake fitowa da tasa jijjigar. Boris na gaba a matsa shi da injin matsi, wanda aka buga da guduma ba ya daɗewa.

Wajen ciniki, taya da balansin da sit da shaf da boris da kuros duk kayan ragi ne, ka tambayo kuɗinsu a kasuwar sifiya ka cire daga farashi. Kukan aksil, da otomatik mai jinkiri da baƙin mai, da mai mai launin madara, waɗannan ka bar wa mai su, sai fa in ragin ya kai kuɗin wani giyabos da aikin sa shi. In kuwa motar ta riga ta zama taka, uku ba sa jiran albashi: taya mai kumburi ko sakakkiyar waya, boris mai wasa da zafi, da kuros mai motsi. Kuros na gaba in ya tsinke a guje, bakin farfela ƙasa yake faɗawa ya caki kwalta, ya ɗaga bayan motar sama.